Ƙafafun Jummai

Inna Azumi ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta a rumfar Malam Haladu mai yadi, sulalla suka zube a kan tabarma, wasu har sun yi baƙi don daɗewa. Ko karyawa ba ta yi ba ta hau a-kori-kura daga Dingaya, don ta riski kasuwar Birnin Kudu.

"Alawayyo za ka yanko mini, Malam," in ji ta. "Na likkafani. Nawa na kaina."

* * *

Shekara da shekaru ita ke wankan gawar mata a ƙauyensu, kuma ba ta taɓa jin ɗar ba sai a kan maƙwabciyarta Jummai. Mijin ba shi da ko anini, aka yi karo-karo aka sayo likkafani, yadin bai kai ba. Azumi ta ja sama ƙafa ta fito, ta ja ƙasa kai ya buɗe. Da tsohon ɗankwali aka rufe dugadugan. Tun daga ranar ƙafafun nan masu faso suka ƙi rabuwa da ita. Tana tankaɗe ta gan su, tana sujada ta gan su.

Ita ba ɗa, ba jika. Ta ƙudurta a ranta ba za a zaga gida-gida ana neman suturarta ba. A shekarar da naira ta kori fam ta tambayi farashin alawayyo, ta riƙe shi a ka kamar karatu, ta shiga jefa ribar daddawa a asusu. Da kuɗin suka kai, ƙanenta Hadi ya ce ta saya ta ajiye mana. Ta yi masa dariya. Ɗakinta da gara ta cinye har tabarmar sallah? Ƙarfe dai gara ba ta cin sa. Ta binne asusun a ƙarƙashin gado, hankalinta kwance, har shekara goma sha uku. Sai bana, da tari ya ƙi sakin ta, ta tono shi ta fasa.

* * *

Malam Haladu ya dubi sulallan, ya dube ta. Da ta faɗa masa farashin da ta sani, bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya ce ai naira ta zube, wanda ya sayar da safe ma ba ya iya saro irinsa da yamma. Ya warware bandir, ya auna daidai kuɗinta, ya ƙara mata taƙi ɗaya don Allah, sannan ya sa almakashi.

"Shi ke nan?"

"Wallahi Inna, har da nawa a ciki."

Ta shafa yadin. "Ashe akwai garar da ke cin ƙarfe," in ji ta a hankali.

* * *

Da la'asar ta isa gida. Ta saki asabari, ta kwanta a gefen dama, fuskarta na kallon gabas, kamar yadda ta kwantar da mata ba adadi. Ta ja yadin ta rufe kanta. Sanyin ƙasa ya taɓa mata dugadugai. Ta ja ƙasa, haske ya faɗo mata a ido.

Sai ta lanƙwashe gwiwoyinta, ta takure, har yadin ya rufe ta duka. Ta daɗe a haka tana sauraren numfashinta, ko da yake ta fi kowa sani a Dingaya cewa miƙar da gawa ake yi.