Kunkurun Ummu a Tafkin Keita

Yayana Alƙasim mutumin dutse ne, kamar ni, kamar ubanmu. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na buta, sai na sama in Allah ya kawo. Amma da ya tashi aure sai ya tsallake duk 'yan matan Adar, ya je Gaya bakin kogi, inda yake cin rani, ya ɗauko mana Ummulkhairi 'yar masunta. Ina yarinya aka kawo ta. Ta sauko daga mota, ta dubi hagu dutse, ta dubi dama dutse, sannan ta sunkuyo ta tambaye ni, "Ƙanwata, ina kuke wanka?" Na nuna mata ƙwarya da bayan ɗaki. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar.

Ta koma gida wankan haihuwar fari, ta koma ta'aziyyar iyayenta, daga nan ƙafa ta ɗauke. Duk shekara sai ta roƙe shi ya kai ta ta ga kogi, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Bayan kaka." Bayan kaka ga yaɓen rumbu, ga bikin wane, ga sa ya kwanta ciwo. Ba mugu ba ne, Allah ya sani yana sonta. Irin mazan nan ne masu ganin gobe tana cikin aljihunsu. Haka har 'ya'ya suka yi aure suka watse, furfura ta cika musu kai, Ummu ba ta sake ganin kogi ba. Sau da yawa nakan iske ta ta tsoma hannu cikin randa har gwiwar hannu, ba ruwa take ɗiba ba, tana tsaye kawai.

Bara da rani ciwo ya kayar da ita. Muka kai ta asibitin mishan da ke bakin titi ta wajen Madawa, aka yi ƙarin ruwa, aka yi hoto, aka yi abin da za a iya. Daga baya likita ya kira mu gefe ya ce mu mai da ita gida, mu ba ta duk abin da ranta ke so. Nan take yayana ya miƙe, ya ce, "To, gobe mu kama hanyar Gaya." Likita ya girgiza kai, ya ce doguwar tafiya kam a manta da ita, jikinta ba zai ɗauka ba. Ina da magana a bakina ranar, mai zafi kuwa, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye.

A gida ta ƙi abinci. Fura ta ƙi, kunu ta kurɓa ta ture. Na yanka mata zabo, ta ce, "Nasiba, Allah shi yi albarka," ta juya ga bango. Sai wata safiya ta ce abu ɗaya take marmari, romon giwan ruwa, ba busasshe na kasuwa ba, wanda aka fiddo yanzu yana numfashi. Yaya bai tsaya neman hula ba ya nufi tafkin Keita. Masuntan can suka ce akwai giwan ruwa kam, tun da aka zuba iri, amma bazara ce. Zafi ya kora su cikin zurfin tsakiya inda ruwa ke da sanyi, taru ba ya kaiwa, sai dai ya jira damina.

Da ya kawo mata wannan labari, Ummu ta yi dariya, ta farko tun dawowarmu.

"A jira damina? Ba su san kunkuru ba?"

Muka dubi juna. Ta ce a ba ta sakaina da wuƙa. Tana kwance ta fere sakainar ta fitar da siffa kamar tafin hannu, tana yi tana bayani. Wani kayan kamun kifi ne da suke kira kunkuru, ubanta ya koyo shi wurin masuntan Gana. Faranti ne na ƙarfe, a liƙa masa dalma a goshi, a lanƙwasa waya a bayansa, a sa zobe mai zamewa a kan wayar. Igiyar hannu a jikin zoben ake ɗaura ta, ƙugiya kuma tana biye a baya da ɗan abu mai walƙiya. In jirgi yana tafiya, farantin sai ya soke kai ya nutse, ya ja ƙugiya har inda kifi ya ɓuya. In kifi ya cafka, zoben sai ya zame, farantin ya daina nutso ya taso sama da kansa.

"Ka ji ni da kyau, Malam," in ji ta. "In ka ji nauyi, kunkuru shina aikinai, ci gaba da tuƙi. In igiya ta yi sauƙi, sannan ad da kihi."

Yaya ya hau mashin ɗin haya da sakainar a aljihu, murfin tukunyata a hammata, ban ma sani ba sai da na tashi rufe miya. Ya kai wa Iliya, maƙerin bakin asibiti, Kirista ne, sun saba lokacin jinya. Iliya ya ajiye aikin gabansa ya ƙera abin daidai da sakainar, ya huda wani tsohon cokali ya goge shi da toka har yana ɗaukar ido, ya ce shi ne abin da kifi zai biyo. Ya ce a gaida mai jiki, su ma suna sa ta cikin addu'a.

To, nan fa aka ga ɗan Adar a ruwa. Wani masunci ya ara masa kwalekwale ya nuna masa riƙon filafili, yaya ya ɗaura igiya a babban yatsan ƙafarsa ya shiga. Mu mutanen rijiya ne. Tun muna yara hannunmu ya san in guga ya yi nauyi ya cika, a ja. In ya yi sauƙi ya tsinke ko bai taɓa ruwa ba. Kunnen yaya ya ji maganar Ummu, amma jikinsa bai ji ba. Da kunkuru ya soke kai ya ja ƙafarsa, sai ya yar da filafili ya hau janyowa da bismilla, ya fiddo murfin tukunyata da cokali suna ɗigar ruwa. Sau ɗaya da igiyar ta saki, sai ya zauna yana salati wai ta tsinke, kafin ya farga kifin ya tofar da cokali ya yi gaba. Haka ya yi ta dawowa da yamma, tafin hannu duk ya ɗuri ruwa, buhu wayam. Masunta har sun sa masa suna Sarkin Murfi. Ummu kuwa kullum ƙara ramewa take.

Ran nan ta dube shi yana shafa man shanu a hannu, ta ce, "Malam, kai ni. Ni ka riƙon igiya."

"Ke da ba ki iya zama?"

"Nasiba ta tallabe ni."

Na ce, "Wa? Ni? Ruwan da ya wuce idon sawu ban shiga nai!" Amma da gari ya waye ni ce na shimfiɗa katifa a amalanken jaki.

Da tafkin ya bayyana daga bayan tudu, na ji ta ja numfashi a jikina. Ba wani ruwan kirki ba ne, ja ne, ya janye ya bar laka mai tsagewa, shanu sun dagula baki. Amma ta ɗaga kai, ita da sai an ɗaga ta. Aka sa ta a tsakiyar jirgi, bayanta a ƙirjina, yaya yana can baya da filafili. Ni dai na runtse ido ina karanta duk abin da na iya.

Ta naɗe igiyar a yatsu biyu, ta ce, "Sannu-sannu, kamar kana bin shanun huɗa. Kak ka tsaya." Kunkuru ya nutse, na ga igiyar ta miƙe ta shige ruwa. Yaya ya zabura zai tsaya, ta ce, "Tuƙa!" Ya tuƙa. Ɗaya hannun nata ta sake shi ta gefen jirgi, ruwa yana ratsa tsakanin yatsunta. Sai ta fara faɗa mini sunayen wurare na kogin garinsu, mashayar da suke wanki, tsibirin da ubanta ke shanya taru, inda dorina ta taɓa kife jirgin kawunta. Ta ce da hantsi kogi wari gare shi na ciyawa da hayaƙin banda. Ta ce uwarta takan kira ta daga gaɓa, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Muryarta ta koma ta yarinyar da ta tambaye ni wurin wanka. Tausayinta ya kama ni har na manta da tsoro, na buɗe ido ina hawaye.

Muna tsakiyar zurfin na ga igiyar ta yi laushi a yatsunta. Can bayanmu murfin tukunyata ya taso yana walƙiya, bayansa kuma ruwa ya tsage, wani farin kifi ya yi tsalle ya faɗa. Ko ni 'yar dutse na gane. Na buɗe baki zan yi ihu, sai ta matse mini gwiwa.

Yaya ma ya gani. Ya ɗaga filafili, ya ce, "Ummu, ta yi sauƙi?"

Ta san in ta ce i, za a tsaya, a janyo, a juya gaɓa, a mai da ita ɗaki. Ba ta waiwaya ba. Hannunta yana cikin ruwa.

"A'a, Malam. Da nauyi har yanzu. Ci gaba."

Ya dubi kifin da ya yi ta wahala a kansa, yana fisge-fisge a sarari, ƙugiya na iya kuɓucewa ko yaushe. Ya dubi ƙeyar matarsa. Sai ya mai da filafili cikin ruwa, ya ce, "Awo, ni ma na ji nauyin."

Ya juya hancin jirgi ya bar gaɓa a bayanmu, ya nufi inda ruwan ya fi faɗi, yana tuƙi sannu-sannu yadda ta koya masa.