Mashayar Dogara Ta Hana Giya

Duk wanda ya zauna a Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in ya san mashayar Dogara, har da masu rantsuwar cewa ba su san hanyarta ba. Tana cikin wani lungu a bayan Huanshi Lu, tsakanin mai gyaran keke da wata tsohuwa mai sayar da taliya. Dogara ɗan Tafawa Ɓalewa ne, Kirista, ƙato mai faɗa da saurin huce. Sayen kayan janareto ya kawo shi, jarin ya narke, sai ya haɗa hannu da wani ɗan ƙasar suka buɗe wurin.

A kan kantarsa akwai wani babban gwangwanin madara da aka huda wa murfi. In an yi mutuwa, ko kayan wani sun maƙale a tashar jirgin ruwa, ko an ce wani ya bar ƙasa ba shi da na tikiti, gwangwanin nan ne ke zagaya tebura, kuma Dogara ba ya ɗauke ido daga kanka sai ya ji ƙarar abin da ka jefa. 'Yan kasuwar benen Tianxiu, Kanawa da 'yan Nijar, sukan karɓi taimakon su kau da kai, kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci. Dogara bai damu ba. Cewa yake godiya ba ta biyan kuɗin likkafani.

Wata Litinin da hantsi yana wanke kofuna, sai ya ga Alhaji Tankari tsaye a ƙofa. Tankari shi ne dattijon 'yan Nijar a garin, siriri mai farin gemu, kuma ko lungun bai taɓa bi ba. Ya tattare rigarsa sama kamar za a watsa masa ruwan kwata.

"Baba, lafiya? Shigo mana."

"A'a, nan ma ya isa. Habsatou ce. Jiya ta faɗi, tana gidan likita."

Dogara ya ajiye kofin. Habsatou 'yar Maraɗi ce, leshi da takalma take saye tana aikawa gida, amma da tukunyarta aka fi saninta. A ɗan ɗakinta na haya take tuƙa tuwo da miyar kuka, duk wanda kewar gida ta kama can yake nufa. Lokacin da Dogara ya karye ba shi da ko na ruwa, ita ta ciyar da shi wata da watanni, tana zaginsa tana ƙara masa miya.

Tankari ya ce ƙari ne a mahaifarta, jini ya zuba mata da yawa. Likita ya ce dole a yi mata aiki kafin Juma'a, amma ba zai taɓa wuƙa ba sai an tanadi jini, jininta kuwa irin wanda da wuya ake samunsa a jikin mutanen China ne.

"Duk inda suka buga waya, meyo, meyo, wato babu," in ji tsohon. "Lokotoro mai duba ta ya ce cikin baƙar fata akan dace. Mutum uku yake so. An gwada namu na Tianxiu, ɗaya tak aka samu. An ce mani wurinka ana taruwa da yawa."

"Kuɗin aikin fa?"

"Alhaji Abdulhakeem ya ɗauki rabi, Allah shi saka mai."

"Sauran, gwangwani zai ji da shi."

Tankari ya yi gyaran murya, ya dubi kwalaben da ke jere. "Sai dai ya ce mai ba da jini kada shi sha... abin nan naku."

Da yamma masu zuwa sha suka taras an lulluɓe kwalabe da zanin gado, ga ƙatuwar butar shayi tana tafasa a kan kanta. Wuri ya kaure. Wani ɗan Igbo mai sayen fitilu ya buga tebur ya ce, "Oga Dogara, mashaya muka zo ko masallaci?"

"Yau asibiti kuka zo," in ji Dogara. "Wanda bai taɓa cin tuwon Habsatou ba ya ɗaga hannu, yanzu in ba shi kwalba kyauta."

Ba hannun da ya tashi. Aka sha shayi ana tsaki, gwangwani ya zagaya ya dawo da nauyi. Abokin haɗin jarinsa ɗan ƙasar ya zo yana kuka da hasara, Dogara ya ce, "Laoban, maigida, ka cire daga rabona," ya juya masa baya. Washegari ya kora su asibiti kamar garken awaki, yana gaba yana waiwaye kada wani ya zille. A cikinsu duka mutum ɗaya ya dace, wani makaɗin gita ɗan Kwango da ya kusa suma da ganin allura. An sami biyu ke nan. Likita ya girgiza kai ya ce ba za su isa ba.

Abin da ya hana Dogara sakat shi ne ya san na ukun.

Alhaji Abdulhakeem babban ɗan kasuwa ne daga Kano, yadi yake lodi kwantena-kwantena daga Guangyuan, sahun farko ranar Juma'a, hannunsa a sake. Shi ne kuma mai ƙwanƙwasa ƙofar baya ta mashayar kullum bayan la'asar, ya shige wani ɗan ɗaki da ke bayan akwatunan kwalabe. Dogara bai taɓa gaya wa kowa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A ɗakin nan ne wata rana Alhaji ya ba shi labarin hatsarin da ya taɓa yi a hanyar Zariya, da yadda aka yi ta yawon neman irin jininsa kafin a samu. Amma da aka zo gwajin 'yan Tianxiu, sai ya ce wa Tankari hawan jini gare shi, aka ƙyale shi.

Ranar Talatar da ya ƙwanƙwasa, Dogara ya buɗe masa, ya ajiye masa kofin shayi.

"Mene ne wannan?"

"Alhaji, jininka irin nata ne. Kai ka faɗa min da bakinka."

Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Na ba da kuɗi, Dogara. In ana son ƙari, a faɗa."

"Ba a ɗura wa mutum kuɗi a jijiya."

"Ka san wanda yake musu tafinta a asibitin? Ibrahim Khalil, yaron nan mai karatun likita. Gidan ubansa yana kallon nawa a Fagge. Suna ɗibar jinina injin zai nuna komai, kafin in koma gida labari ya riga ni. Ina da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba."

"Ba abin da suke nema ke nan ba, na tambaya. Kai dai ka bar sha zuwa Alhamis."

Alhaji ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya miƙa hannunsa a gaban Dogara. Yatsun suna karkarwa. "Wannan tun jiya ne kawai. Ka ce zuwa Alhamis?"

Zuciya ta ce wa Dogara ya tsorata shi, ya ce ko ka je ko in tona. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, ya ji kunyar kansa ya haɗiye ta. Shi ya yi shekaru yana cika wa mutumin nan kofi yana karɓar kuɗinsa, ba shi da bakin yi masa barazana.

"Ba zan sayar maka ba," ya ce.

"Kowane kanti a titin nan yana sayarwa."

"Na sani. Shi ya sa zan bi ka."

Ya kuwa bi shi. Ya kulle mashaya, ya tare a ofishin Alhaji a Tianxiu, ya cika kujerar baƙi da jikinsa. Masu shigowa suna sallama suna kallonsa a kaikaice, Alhaji yana ce musu bawan Allah ne ya zo koyon harkar yadi, a taya shi da addu'a. Ya bi shi kasuwa, ya tsaya masa a ƙofar masallaci, ya bi shi har masauki ya shimfiɗa kwali a bakin ƙofarsa. Alhaji ya zage shi, ya roƙe shi, ya yi masa tayin abin da zai sayi mashayar gaba ɗaya a kan kwalba ɗaya. Dogara ya ce a kai kasuwa. Ya yi ta ɗura masa shayi da ruwan lemo, in amai ya zo ya riƙe masa bokiti. Shi kansa tsoro yake ji, don bai taɓa ganin babban mutum ya koma haka ba, amma duk sanda ya ji zai sassauta sai ya tuna fuskar Habsatou a kan gadon asibiti, ta yi fari fat, tana tambayarsa ko ya ci abinci.

Ranar Alhamis da safe suka isa asibiti. Tankari yana nan da wasu 'yan Tianxiu, an cika barandar ɗakin ɗibar jini da manyan riguna. Alhaji ya ce musu hawan jinin ya sauka, bari a gwada sa'a. Aka soki yatsansa. Da Ibrahim Khalil ya fito ya ce ya dace, sai kabbara ta tashi, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce a yi shiru.

Aka zaunar da shi a kujera, ƙofa a buɗe, kowa yana gani. Wata nas ta kama hannunsa, ta saki. Ta dubi zufar da ke tsatstsafo masa a goshi, ta fita ta kira likita. Likitan ya duba idonsa, ya sa masa ma'aunin zafi, ya yi magana mai tsawo.

Ibrahim Khalil ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Baba Alhaji, ya ce jikinka ba zafi, amma wannan rawar jiki da zufa sun yi masa kama da zazzaɓin cizon sauro. In shi ne, jininka zai iya kashe ta a halin da take ciki. Gwajinsa kuma sai an aika wani wuri, sai gobe ko jibi."

"Ba ta kai jibi," in ji Tankari a hankali.

"Shi ya sa yake tambaya, ko akwai wani dalilin da ka sani. In akwai, ka faɗa masa."

Alhaji ya kafa wa tayil ɗin ƙasa ido. Dogara yana tsaye a jikin ƙofa. Kalma ɗaya ce, kuma yana da ita. In ya faɗe ta ya kashe mutumin da ya amince masa, in ya riƙe ta ya bar Habsatou ta tafi. Ya dubi Alhaji, Alhaji bai ɗago ba. Likitan ya fara tura alƙalaminsa cikin aljihu.

Dogara ya yanke shawara. Ya tako ciki ya ce, "Ibrahim, gaya masa..."

"Bari, Dogara." Alhaji ya ɗaga hannun nan mai rawa. "Ba naka ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya." Ya juya ya dubi yaron ido cikin ido. "Ɗana, gaya masa ba zazzaɓi ba ne. Giya nake sha, kullum, shekara da shekaru. Tun Litinin ban sha ba, rashinta ne yake kaɗa ni. Ka fassara masa yadda na faɗa, kada ka gyara min."

Wani daga can baranda ya fara salati ya katse. Ibrahim Khalil ya fassara, muryarsa ƙasa-ƙasa. Likitan bai nuna ko mamaki ba. Ya yi wasu 'yan tambayoyi, ya danna cikin Alhaji ta gefen dama, ya sake duba idonsa, sannan ya ɗaga wa nas kai.

Ta ɗaura igiyar roba, ta nemi jijiya, amma hannun ya ƙi tsayawa. Ta gwada, ta janye allurar, ta ce wani ya zo ya riƙe. Dogara ya yunƙura, sai ya ji an dafa shi an matsar da shi gefe. Tankari ne. Tsohon ya shigo, ya naɗe wa Alhaji hannun babbar riga har kafaɗa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na tsufa, ya danne hannun da tafukansa biyu a kan katakon kujerar.

Alhaji ya kau da kai, hawaye yana gangara cikin gemunsa. "Alhaji Tankari, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na jiya," in ji Tankari. "Tsaya wuri ɗaya, ɗiyarmu na jira."

Allura ta shiga. Dogara ya jingina da bango yana kallon jinin yana bin siririyar roba zuwa cikin leda.