Mushe a Bakin Iyaka

Ni dai ban taɓa zama da mutum mai ƙaiƙayin ƙafa irin Mamman ba. Ɗakinmu ɗaya a Panshekara, ni ina aiki a kamfanin fata na Challawa, shi kuma ɗalibi ne daga Tasawa ta Nijar, an turo shi koyon gyaran injin saƙa. Da safe aji, da rana wata masaƙa a Sharada. Shekara uku zai yi ya karɓi takardar shaida, kuma ya rantse wa mahaifiyarsa ba zai taka gida ba sai da ita a hannu.

Ranar da ya fara shiga aji ya rusuna gaban malaminsu, Malam Uba, ya ce, "Ina kwana, Mushe?" Subhanallahi! Dattijo ya miƙe a fusace, wai yau shi ake kira mushe. Da ƙyar aka fahimtar da shi cewa a can haka suke kiran malamin boko da duk wani babban ma'aikaci. Sunan kuwa ya bi Mamman, har masu shayin bakin masaƙa Mushe suke ce masa.

Abin ya yi masa ciwo, ya ɗaura ɗamarar gyara harshe. Ya bar "lahiya" ya koma "lafiya", ya bar "lakwal" ya koma "makaranta". Kafin shekara biyu, in ya buɗe baki sai ka rantse a Ƙofar Mata aka yanke masa cibiya.

Zaman ne dai ya gagare shi. Tunda gida ya haramta, ko hutun kwana kaɗan aka ba su sai ya saɓa jaka ya nufi Bompai, ya roƙi direbobin manyan motoci. Yau Kwatano, gobe Njamena. Ya dawo baƙi wuluk, ya hana ni sakat da labarin teku da kifin Cadi.

Hutun ƙarshe, cikin 1984, jarrabawar gamawa ta matso, na gan shi yana ninke riga.

"Ina kuma?"

"Garwa ta Kamaru. Labaran direba zai kai atamfa."

"Kai wane irin mutum ne? Kamar an zuba maka barkono a wando! Ka zauna ka yi karatu mana."

"Muntari, in na zauna Inna nake tunawa. Gara mota."

Na yi tsaki na ce Allah ya tsare. Bai daɗe da tafiya ba na ji a rediyo gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa.

Labaran ne ya dawo shi kaɗai ya ba ni labari. A dawowa sun biyo wata ƙaramar hanya inda sojoji ke barin 'yan ƙasa su wuce gida, baƙo kuwa a mayar da shi. Mamman ya cusa katinsa na ɗalibi cikin takalmi ya zama yaron mota. Sajan ɗin sojojin Bahaushe ne, ya tsare shi da tambaya.

"Ɗan ina?"

"Panshekara, ranka ya daɗe."

"Ina ake hawa motar Kurmi?"

Ya amsa tsaf. Ya lissafa masa unguwanni, har da tsokanar Zage-zagi, sajan yana dariya. Can ya daki kafaɗarsa ya ce, "Wuce, Bakano, Allah ya kiyaye hanya." Daɗi ya kashe Mamman. Ya rusuna har ƙasa ya ce, "Na gode, Mushe."

Labaran ya ce shi kansa sai da ya dafe ƙirji. Sajan bai yi fushi ba, ai da fushi ya yi da an ba shi haƙuri. Ya taɓa zama bakin iyakar Nijar, ya san kalmar sarai. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Cire takalminka." Da kati ya bayyana, aka mayar da Mamman tsallaken iyaka.

Ranar jarrabawa na bar aiki na je na durƙusa wa Malam Uba. Ya ce, "Wallahi yaron nan ya fi kowa hannu, amma jarrabawar daga Legas take zuwa, ba ta jiran kowa. Kuma masu ɗaukar nauyinsa ba za su ƙara masa shekara ba." Na fito ina zagin Mamman, ina share hawaye.

Sai da damina ta sauka ya shigo, ta daji, ƙafafu a kumbure, babu jaka. Na tanadi faɗa cike da ciki, ina ganinsa duk ya bi ruwa. Na ɗora masa ruwan zafi. Ya zauna bakin ƙofa ko motsi babu, mutumin da bai taɓa yin minti biyar wuri ɗaya ba.

"To yanzu sai gida?" na ce.

"Da me a hannu?"

Ya kalli ƙafafunsa cikin bokitin ruwan, sannan ya ɗago, harshen Tasawa ya dawo masa gaba ɗaya.

"Muntari, wallahi girmama shi na yi."