Inda Za a Haƙa Rijiya

Husaina na tsugune a kusurwar lambunta tana tumɓuke alayyafo da saiwarsa lokacin da ta ji ana ƙwanƙwasa ƙyauren gida. Ba ta tashi ba. Ta ɗauka mai ruwa ne, shi kuwa ya san hanya.

Sanyi ya fara ja da baya. Da asuba har yanzu sai da rigar sanyi, amma kafin hantsi latas ya langaɓe, tumatir ya sunkuyar da kai. A irin wannan lokaci ne famfon layinsu na Rafin Guza yake ɗaukewa, lambun bayan gida ya koma shan ruwan wanke-wanke. Shekara da shekaru tana roƙon mijinta Ashiru, direban motar haya a tashar Kawo, ya haƙa musu rijiya. Sai bana ya amince. Jiya mai haƙar ya zo ya zagaya, ya tsaya a wannan kusurwa ta gindin katanga inda ƙasa ta fi duhu, ya ce nan ruwa yake kusa. Gobe za su fara, shi ya sa take share wurin.

Aka sake ƙwanƙwasawa. Ta goge hannu a zani ta je ta buɗe.

Wata mata ce da ba ta sani ba, sa'arta, sanye da atamfa da ɗankwali, ta rungume jaka a ƙirji.

"Sannu da aiki. Ki yi haƙuri, sunana Ruth. A gidan nan aka haife ni."

Husaina ta dube ta. Sun sayi gidan ne a hannun wani ɗan kasuwa, amma ta taɓa jin cewa kafin shi wasu Kiristoci ne a ciki, waɗanda suka koma ƙetaren gada, kudancin gari, bayan rikicin addini na shekarar dubu biyu.

"Shigo mana, baiwar Allah. Bari in kawo miki ruwa."

Ruth ba ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba. Ta riƙe kofin ruwan, idonta na kan 'yar ƙofar langa-langa da ke fita zuwa baya.

"Tun da muka tafi ban sake tako unguwar nan ba," in ji ta. "Sau biyu ina sauka a Kawo, in kasa ƙarasowa, in koma. Don Allah ko zan iya ganin bayan gidan?"

Husaina ta shige gaba. Ta nuna mata albasa da rama da attaruhu, da zogalen da ta dasa a shekarar da ta haifi Mardiyya, babbar 'yarta. Baƙuwar ba ta ko kalle su ba. Kai tsaye ta nufi kusurwar, ta tsaya a bakin ƙasar da aka tone.

"Akwai wasu duwatsu a nan," ta ce a hankali. "A jere, kamar haka." Ta zana ɗan tsayi da hannu, bai wuce kamu biyu ba.

Husaina ta tuna su. Farkon zuwanta gidan tana amarya, da za ta fara lambun, ta same su a jere cikin ciyawa. Ta kwashe su ta tare bakin kunya da su don kada ruwa ya gudu. Ga su can har yau, gansakuka ta rufe su.

"Ni na kwashe su. Na mene ne?"

Ruth ta durƙusa, ba ta damu da atamfarta ba.

"Ƙanina ne a nan. Nuhu. Bai daɗe da fara tafiya ba. Ba wanda ya taɓa shi. Zazzaɓi ne ya kama shi ana tsakiyar dokar hana fita, ba hanyar asibiti. Maƙwabcinmu Malam Haruna ne ya ɓoye mu a ɗakin matarsa. A can yaron ya cika, a cinyar Mama. Ba yadda za a kai shi maƙabarta. Babana da Malam Haruna suka tsallako ta katangar nan suka haƙa masa kabari. Ni na riƙe musu shebur in sun gaji. Washegari sojoji suka kwashe mu zuwa bariki, daga nan ba mu dawo ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Husaina.

Ta san Malam Haruna. Tsoho ne mai sayar da gawayi, ya rasu shekarun baya. Duk sanda ta gaishe shi a ƙofar gidansa sai ya ce, "Amarya, ba dai ku yi gini a baya ba ko?" In ta ce a'a, lambu ne, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Lambu ya yi. A bar shi lambu." Ta ɗauka surutun tsufa ne.

"Babanmu ya rasu bara, bai taɓa ɗaga maganar ba," Ruth ta ci gaba. "Mama kuma hankalinta ya fara gushewa. Ni kaina wani lokaci ba ta gane ni. Amma tun da sanyin bana ya shigo, kullum da safe tambayarta ɗaya: an lulluɓe Nuhu? Na ce bari in zo in ga wurin da idona, ko na samu abin gaya mata." Sai ta kalli tarin alayyafon da ke gefe. "Sabuwar shuka za ki yi?"

Husaina ta ji amsar ta zo mata baki da sauƙi. In ta ce e, matar za ta tafi da ranta a kwance, ba za ta ƙara dawowa ba. Gobe a haƙa, jibi ruwa. Ta tuna ɗaukar bokiti daga layin masallaci, da ciwon bayan da ke hana ta miƙewa.

"Rijiya za a haƙa," ta ce. "Gobe."

Daga wani gida ana jin ƙarar injin markaɗe. Ruth ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa.

"Gidanku ne, 'yar'uwa. Ba ni da ta cewa." Ta ciro waya daga jaka. "Alfarma ɗaya. Bari in kira ta daga nan."

Ta buɗe muryar wayar. Wata yarinya ta ɗauka ta kai wa tsohuwar. Muryar da ta fito siririya ce, tana karkarwa.

"Wace ce?"

"Mama, Ruth ce. Ina tsohon gidanmu. Ina wurin Nuhu."

"An lulluɓe shi? Da sanyi fa."

Ruth ta kalli ƙasar da aka tsiraita, ta kawar da kai. Husaina ba ta san sanda ta matso ta sunkuya kan wayar ba.

"Mama, ina kwana. Ni ce matar gidan. Yana nan, ba abin da ya same shi. Sanyin ma ya kusa wucewa."

"To, 'yata. Ki riƙa leƙa shi. Ba ya son a bar shi shi kaɗai."

"Zan leƙa, Mama."

Da za ta raka baƙuwar, Husaina ta yi abin da ta saba yi wa duk wanda ya shigo lambunta: ta ɗebi dami guda na alayyafo ta miƙa. Sai da hannun ya yi nisa ta tuna daga inda ta tumɓuke shi. Ta tsaya cak, ta rasa yadda za ta janye.

Ruth ta daɗe tana kallon ganyen. Sannan ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Zan yi wa Mama miya," ta ce.

Ashiru ya dawo bayan la'asar da igiya sabuwa da guga a hannu, yana fara'a. Ta bari ya ci abinci tukuna, sannan ta gaya masa komai. Ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Shekarun nan duka muna taka ɗan mutane?"

"Muna ci daga kansa ma, Baban Mardiyya."

"Subhanallah." Ya shafa fuska. "Mai haƙar ya ce in ba nan ba, sauran filin dutse ne. Kin san ke za ki sha wuya, ba ni ba."

"Na sani. Ka kira shi ka ce kada ya zo."

Ya dube ta kamar zai ƙara magana, sai ya ɗauki waya ya fita ƙofar gida.

Rana ta yi sanyi, lokacin ban-ruwa ya yi. Husaina ta juye ragowar jarka a bokiti, ruwan bai kai rabi ba. Ta ɗauka ta nufi baya. A bakin ƙofar langa-langar ta ji bakinta ya yi sallama, a hankali, irin wadda ake yi in za a shiga ɗakin da yaro ke barci.

Ta ɗan tsaya da bokitin a hannu, tana saurare. Sannan ta shiga.