Jinin Auta

Likita ta rage hasken ɗakin, ta juyo da fuskar kwamfuta wajen mahaifiyar Auta.

"Mama, korayen ɗigon nan ƙwayoyin ƙodar dabbar ne. Yanzu za ki ga abin da ya faru da muka zuba musu jinin 'yarki. In sun zauna kore, za mu sa ta a gwajin dashen. In sun koma ja, jikinta ya ƙi."

Shekara uku ke nan Auta tana wankin ƙoda, yarinyar da a da ko abinci a tsaye take ci. Ƙodar uwar ba ta dace da ita ba. Sai aka zo da zancen aladen da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado, don jikin mutum ya daina ganinsa baƙo. Wata guda Mama ta yi tana kokawa da zuciyarta, daga baya ta ce in dai Auta za ta tashi, a kawo.

Ɗigon suna ta shawagi a hankali, kamar fitilun gari daga nesa. Idon Mama ya yi nauyi. Sai ga Auta a mafarkinta tana hawa bene da gudu, ta buɗe firji, ta kafa kai ta shanye gorar ruwa guda, babu mai auna mata da ɗan kofi. Har da gyatsa, ja'ira!

Ɗigo ɗaya ya koma ja. Na kusa da shi ya bi. Kafin Mama ta gyara zama, jan ya cinye rabi.

"Garkuwar jikinta ce ta far musu," in ji Likita a sanyaye. "Ba laifin kowa ba ne. Gadonta ta yi."

"Daga wajena?"

"Mun duba jininki, babu. Daga mahaifinta ne."

Dariya ta kuɓuce wa Mama, hawaye na bin ta. Marigayi mijin nata maigadi ne, shekara ashirin da biyu a ƙofar wata ma'aikata. Mutumin da ko manaja ya manta katinsa, sai ya koma gida ya ɗauko. Kewarsa ta taso mata tare da haushinsa, ta rasa wanne ya fi.

Ta matsa kusa da kwamfutar, ta sassauta murya yadda take yi in tana neman alfarma a wajensa.

"Haba, Baban Auta. Wannan baƙon ma ba za ka buɗe masa ba? 'Yarka ce fa a ciki."