Karen Auta da sandar Baba

Tun ranar da ƙanena Auta ya sauke karen nan daga bayan mota na san ya jajibo mana masifa. Kansa kamar turmi, ga ƙirji, ga haƙora. Wai gadin garejinsa zai yi, don ɓarayi sun addabe shi da satar batura.

Ni ban ce kada ya ajiye kare ba. Horon da yake ba shi ne ya tsaya mini a rai. Wani abokinsa, wanda ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya gaya masa wai kare ba ya zafi sai ya tsani sanda. Shi ke nan, kullum da safe kafin ya taɓa motar kowa, sai ya ɗaure shi a jikin wani mataccen inji, ya rufe tasa fuskar da tsumma, ya riƙa ɗaga sanda yana ƙwala masa har bakinsa ya yi kumfa. In ya kai wa sandar cafka, sai ya jefa masa nama. Shagon ɗinkina yana tsallaken titi, komai a idona ake yi.

"Auta, Baba fa da sanda yake tafiya," na ce masa. "Kuma kullum sai ya zo ya zauna a bencinka."

"Yaya, ke dai ki ji da kekenki. Kare ya san na gida."

"Kai da kake na gida, me ka sani?"

Likitan dabbobi ya gaya masa irin wannan sai da rajista da takunkumi. Ya ce ya ji. Da ƙafata na je na sayo takunkumin, ya karɓa yana dariya, ya rataye shi a ƙusa yana saƙala makullan motoci a jiki. Raina ya ɓaci, har na daina gaishe shi.

Rannan da hantsi ya kwance sarƙar zai yi wa karen wanka, sai ga Baba ya ɓullo daga kwana. Tun da muryarsa ta yi rauni, Baba ba ya ɗaga murya ya yi sallama daga nesa, sandarsa yake ɗagawa sama. Ya ɗaga, yana murmushi.

Na ƙwalla ihu, amma kafin in tsallaka titi karen ya kai shi ƙasa. Sai da makanikai suka taru da ƙarafa kafin ya saki hannun Baba. Auta na tsaye da bokiti yana ta kiran sunan kare, kamar suna ne zai warware abin da ya daɗe yana koya masa.

Da ma'aikatan hukuma suka zo tafiya da karen, takunkumina suka zare daga ƙusa, suka zubar da makullan a ƙasa, suka ɗaura masa. Ya yi masa daidai.

Baba ya tashi, amma likita ya ce yatsun damansa ba za su ƙara damƙar komai ba. Auta ya kasa shiga ɗakin. Na fito na same shi zaune a barandar asibiti, ya haɗa kai da gwiwa.

"Yaya, wallahi ban taɓa zaton..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ajiye masa sandar a cinya, duk shatin haƙori a jikinta.

"Baba ya ce a ba ka. Ya ce shi ba zai ƙara iya ɗaga ta ba, kai kuwa ka iya."