Cokalin Zuhura

Cokalin ya faɗa ruwa ya nutse. Bilya ya sakar masa zare har ya ji ya taɓa ƙasa, sannan ya fara naɗowa a jikin gwangwani, yana ɗan fizga a hankali. Babu komai. Tun hantsi abin da ake yi ke nan.

"Halan kihin bai gama wanke hannu ba," in ji Kamalu daga bayan kwale-kwale. "Ka miƙa mashi cokali, saura tuwo da miya."

Bilya ya haɗiye maganar. Kamalu yayan matarsa Zuhura ne, ba a mayar wa irinsa magana ko da shi ya kai ƙararka. Shi ɗin ne kuwa ya kai.

Masuntan dam ɗin nan, na Kaikai da na Yashe, da raga suka gaji kamun kifi. Bilya ne kaɗai ya ɗauko wani salo da ya gani a waya: a yanke ƙotar cokali, a huda shi, a ɗaura masa ƙugiya mai baki uku. In ana jan sa cikin ruwa sai ya riƙa walƙiya kamar ƙaramin kifi mai rauni, manya su kawo masa cafka. Da farko dariya aka yi masa. Da ya fara fitowa da kifin da ragar kowa ba ta taɓa riƙewa ba, sai dariyar ta koma gaba. Tun farkon damina kuma ragogi suka shiga yagewa, ta Kamalu ce ta fi shan wuya, shuɗiya sabuwa dal. Nan take aka sami mai laifi: aka ce cokulan Bilya ne ke maƙalewa cikin ruwa suna yaga su.

A gaban Sarkin Ruwa, Bilya ya ce wani ƙaton kifi ne, giwan ruwa, ke ɓarnar, ya kuma dage cewa cokalinsa ko ɗaya bai taɓa zama cikin ruwa ba. Tsohon ya ce to madalla, ya fito da kifin yau kafin kiran la'asar, Kamalu ya tuƙa shi don ya zama shaida. In bai fito da shi ba, a ja kwale-kwalensa tudu, kada a ƙara ganin ƙafarsa a bakin dam. Bilya kuwa ba shi da gona. Gonar ubansa tana nan ƙarƙashin ruwan da suke kai.

Abin da bai faɗa ba shi ne yadda aka yi ya san da kifin. Ya taɓa kama shi, kifin ya tsinke zare ya tafi da cokali a baki.

"Yaya, mu ɗan matsa gaba. Sai giginyar can ta rufe ƙarhen sabis."

"Ni direbanka ne?"

"Sarkin Ruwa ya ce ka tuƙa."

Kamalu ya tuƙa, amma kowane ja sai ya buga filafili a jikin katako, ƙwal, ƙwal, yadda ko kifin da ke kurma zai san sun iso. Ran Bilya ya ɓaci. Ya san da gayya ake yi, Kamalu ma ya san ya sani.

Ƙasan dam ɗin ba shimfiɗe yake ba. Tsohon ƙauye ne ruwa ya cinye: nan tudu, can kwari, ga kututturan itatuwa, ga guntayen katangu. Masu raga suna gudun wurin. Inda mai hange zai ga giginya ta rufe ƙarfen sabis ɗin waya, nan tsohuwar rijiyar unguwarsu Bilya take, gefenta kuma ƙasa ta zarce can ƙasa lokaci guda. A irin wannan gaɓa babban kifi ke laɓewa cikin sanyi yana jiran ƙanana.

Rana ta karkata. A bakin ruwa mutane sun fara taruwa ƙarƙashin itacen bedi, ana hango fararen riguna.

"Ka ga 'yan rakiyarka can," Kamalu ya ce. "Ni tun ranar da aka ba ka Zuhura na ce mutumin da ba ya da ko kunya ɗaya ta gero, mi zai ciyar da ita? Ashe cokali. Babu abinci, sai cokali."

"Ba ta taɓa kwana da yunwa ba, Yaya."

"Za ta hwara gobe."

Bilya ya ciji leɓe ya wurga. Wannan karon ya bar cokalin ya gangara gefen rijiyar, ya ɗaga shi kaɗan, ya sake saki. Sai zaren ya tsaya cak kamar ya kama kututture. Kafin ya yi wani tunani, kututturen ya motsa.

Gwangwanin ya kusa suɓuce masa. Zare ya shiga gudu yana yankar tafin hannunsa, ya cire hula ya naɗe hannun da ita. Hancin kwale-kwale ya juya da kansa, kifin na jan su wajen katangu. In ya shiga can ya naɗe zaren a wani abu, magana ta ƙare.

"Yaya, ja baya! Wajen zurhi!"

Kamalu ya ɗora filafili a cinya, ya zuba masa ido.

"Don Allah, Yaya!"

Zaren ya yi ƙara kamar tsirkiyar garaya. Can gaba ruwa ya tsage, wani farin abu mai faɗin ƙyaure ya yi sama, ya girgiza kai, ya koma da ƙarar da har na bakin ruwa suka ji suka ɗau ihu. Kamalu ya furta wani ashar, ya soka filafili cikin ruwa. Ba don Bilya ya yi ba. Babu masuncin da zai ga wannan kifi ya iya zama.

"Sassauta mashi, sakarai! Za ka tsinke! Yanzu ja!"

Haka aka yi ta yi, ɗaya na ja, ɗaya na zagi, har hular Bilya ta jiƙe da jini. Daga ƙarshe kifin ya taso a gicciye yana buɗe baki. Kamalu ya sauke masa kulki a ka, suka taru suka jawo shi ciki, kwale-kwalen na neman kifewa. Ya cika tsakanin ƙafafunsu, wutsiyarsa a waje. Ba a kira la'asar ba.

Bilya ya zauna yana haki, daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuya zai cire ƙugiya, sai hannunsa ya tsaya.

A ɗaya gefen muƙamuƙin akwai wani cokalin, ya yi baƙi. Ɗaya daga bakunan ƙugiyarsa ya nutse cikin nama, biyun suna waje, sun cika da shuɗin zaren raga, cunkus. Wata da watanni kifin nan yana ratsa ragogin mutane da wuƙar da Bilya ya ɗaura masa.

Kamalu ya riga shi kai hannu. Ya murɗe cokalin ya fitar, ya goge shi da babban yatsa. A guntun ƙotar da ta rage, zanen fure ya bayyana. Kamalu da kansa ne ya sayo cokulan nan a kasuwar Kankia, cikin kayan ɗakin ƙanwarsa. Da suka fara ɓata ɗaya bayan ɗaya, Bilya ya ce wa Zuhura ai maƙwabciyarsu Inno ce ta ara ranar suna ba ta mayar ba. Har yau matan biyu ba sa gaisawa.

Iska tana tura su wajen bedi, ana iya gane rawanin Sarkin Ruwa cikin taron.

"Yaya," in ji Bilya.

"Rufe man baki."

Kamalu ya dubi taron, ya dubi shuɗin zaren. Ya tsinke shi ƙulli-ƙulli, ya sa hannu ta bayan kwale-kwale ya sake shi cikin ruwa. Fuskarsa babu ko alamar sassauci.

"In aka kore ka, gidana za ta dawo da 'ya'ya. Ba ni da wurin aje su."

"Allah ya saka—"

"Kada ka gode man." Ya jefa cokalin cikin aljihun gaba, ya danna. "Wanga ba na Sarkin Ruwa ba ne. Na Zuhura ne. Da an watse zan biya in kai mata abinta, gaban Inno."

Ya ɗauki filafili. A bakin ruwa an fara kiran sunan Bilya ana tafi, shi kuwa idonsa na kan aljihun.